Idon Baba Ila

A Sulai, unguwar sitoci a Riyad, aka sauke ni, ba a gidan da aka yi mini alkawari ba. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya rantse cewa tuƙin gida zan yi, in kai yara makaranta, in kai uwargida kasuwa, in kwana a ɗaki mai sanyi. Da motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi ta bar dogayen benayen Riyad a baya, ta kutsa cikin sitoci da garejoji da tarin tsofaffin tayoyi, na tambayi direban ko ya yi ɓatan kai ne. Ba ya jin Hausa, ni kuma ba na jin yarensa. Ya tsaya a bakin wata ƙofar ƙarfe, ya nuna mini ita da haɓa, ya ce, "Yalla."

Kamfanin rarraba kayan masarufi ne. Mudir, wato manajan siton, wani dogon Basudane mai sanyin magana, ya karɓi lasisina na Najeriya ya jujjuya shi, ya miƙo mini abina. Da iƙamata, wato katin izinin zama, ta fito, lebura aka rubuta a jiki. Na kira ejan, ya ce in yi haƙuri, kuskure aka yi, za a gyara. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Ni ɗan Yawuri ne, kuma ɗan masunta. A cikin jirgin mahaifina na yi wayo. Da kifi ya ja baya a kogi na bar ruwa na koyi tuƙi, na yi shekaru ina jigila tsakanin Yawuri da Kwantagora. Ga ni yanzu a ƙasar mutane ina saɓar katan-katan na mai da madara, cikin zafin da in ka taɓa ƙarfen mota sai ka yi ihu. Watannin farko in na kwanta ƙarar ruwa nake ji a kunnena, alhali injin sanyaya ɗaki ne ke ɗiga a cikin bokiti.

A ɗakinmu 'yan Nijar sun fi yawa. Babba a cikinsu shi ne Baba Ila, mutumin Madarumfa ta jihar Maraɗi, gajere, kakkaura, mai furfura a gemu. Shi ke tuƙa ɗaya daga motocin kayan kamfanin, kuma ya daɗe a Riyad har ya san lokacin da wasu unguwannin suke fili fetal. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya dama mini kunu da garin geron da aka aiko masa daga gida, ya tsaya a kaina sai da na shanye. A nan ya tambaye ni garinmu. Da na ce Yawuri, ya ajiye kofin.

"Yawuri ta bakin kogi? Kai ɗan masunta ne?"

Na ce e.

"To mi ya hana ka faɗi tun tuni? Ina nan kewaye da makiyaya da masu noman gujiya, ba wanda ya san kan tarwaɗa daga wutsiyarta!"

Bayan na warke ya je wurin mudir ya roƙa a mai da ni motarsa, in riƙa yi masa lodi da sauke kaya. Haka na bar cikin sito na hau titi. Daga Sulai zuwa Birnin Masana'antu na Biyu mu ɗauko kaya, daga can mu bi shaguna har arewacin gari. Shi ya koya mini hanyoyin Riyad da halin direbobinta, wanda zai sha gabanka ba sigina da wanda zai manne maka a baya yana walƙa fitila. Shi ya koya mini Larabcin titi. Shi ne kuma ya yi ta yi wa mudir naci har kamfani ya yarda aka gyara mini takardu na shiga makarantar tuƙi na sami lasisin ƙasar. Ranar da na karɓo shi, Baba Ila ya sayo kaza aka dafa a ɗaki.

Ranar Juma'a ba aiki. Da an sallame asuba sai ya taɓa ƙafata, mu bi wani ɗan Damagaram mai tsohuwar mota, Sani, ya kai mu wani tafki da ke kudu da gari, cikin kwari. Ban taɓa zaton akwai ruwa mai ciyayi da tsuntsaye a wannan ƙasa ba. Ran farko da na ji warin taɓo sai da na juya baya don kada su ga idona.

A can na fara ganin makinarsa. Haka Larabawa ke kiran injin naɗe zaren fatsa. Wani bakanike ɗan Filifin ne ya bar masa ita da zai koma gida, kuma Baba Ila yana naɗe ta a cikin rawani kamar abin gado. Irin wadda ke zama a saman sanda ce, kwarkwaron zarenta yana juyawa da kansa in an yi jifa. In ba ka tare shi da babban yatsa a kan kari ba, sai ya fi zaren gudu, komai ya cukurkuɗe. Mu a gida birgi muka sani da taru da mari, sai fatsar gora ta yara. Na karɓa da ƙarfin gwiwa na wurga. Dalmar da ke bakin zaren ta faɗi kusa da ƙafata, zaren ya tashi ya yi tsiri kamar kan mahaukaciya.

Baba Ila ya yi dariya har da tari.

"Ɗan Yawuri, wannan ba ta masu gaggawa ba ce. Waccan mai rataye ƙarƙashin sanda ko goyo ya jefa ta. Wannan kuwa sai ta san hannunka."

Ya zauna yana warware zaren da farce, yana yi mini karatu. In dai a kan makina ne, ba ya gajiya. Ya ce akwai mai birkin maganaɗisu, wadda ake murɗawa daga waje. Ta malalata ce, amma tana da amana ranar da iska ta taso. Akwai mai 'yan ƙusoshi a ciki, sai ka buɗe gefe ka tura su ɗaya-ɗaya, irin tasa ke nan, ita ce ke kama kwarkwaro a farkon jifa ta sake shi in dalma ta yi nisa.

"Yanzu kuma sun hito da wata mai kwamfuta a ciki, tana kuka kamar sauro in ka jefa. Wai ita ka yi maka tunani. To in inji zai yi maka tunani, mi ya hito da kai daga ɗaki?"

Ba ya son mai saurin naɗi da yawa, ya ce ba ta da ƙashin jan babbar tarwaɗa. Ba ya yarda da yawan boris da ake rubutawa a kwali, ya ce tarkon mai saye ne, boris kaɗan nagari sun fi tarkace cike da ciki. Kuma dole mariƙin naɗi ya kasance a hagu, don kada mutum ya tsaya sauya hannu kifi yana jira. Wani Balarabe ya taɓa zuwa kusa da mu da makina sabuwa dal mai walƙiya, Baba Ila ya saurari jifarsa sau biyu ya raɗa mini, "Ya ɗaure birki kamar mai tsoron matarsa."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne in ya kama kifi sai ya cire ƙugiya ya mai da shi ruwa. Ya ce bai yarda da ruwan ba, daga cikin gari yake gangarowa. Na ce da mahaifina zai ga ana sakin karfasa mai faɗin tafin hannu biyu, da ya ce an yi mana asiri.

"Ni ba kihi na zo nema ba," in ji shi. "Na zo in ji abu ya ja ni daga ƙarƙashin ruwa, in tuna ni ɗan wani wuri ne."

Abu na biyu da yake so bayan fatsa shi ne tseren motoci, irin waɗanda Turawa ke yi da motoci masu kama da ƙwaro. Bayan magariba zai kunna maimaicin tseren a waya, mu kewaye shi da shayi. A nan ma yana da ra'ayi a kan kowa. Akwai wani matashin direba da nake so, mai kutsawa ta inda ba hanya. Baba Ila ba ya ƙaunarsa.

"Totur ko jaki ya taka. Direba a birki ake gane shi. Wannan yaron naka yana cin tayarsa tun tsere bai yi rabi ba, sannan ya hau rediyo yana zagin makanikai. Marar kunya ne."

Nasa gwanin wani tsoho ne a cikinsu, wanda ya daɗe bai ci komai ba, amma in ruwan sama ya sauka sai ka ga yana ratsa yara ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da masu sharhi suka ce lokaci ya yi da tsohon zai ajiye, sai ran Baba Ila ya ɓaci.

"Su wa za su gaya mishi? Waɗanda ko keke ba su iya ba? Mutum shi ya san ranar da zai sauka."

Mukan yi dariya mu ce Baba yana kare sa'ansa. Ban kawo komai a raina ba.

A hankali na fara lura da wasu abubuwa. In zai ɗaura ƙugiya sai ya miƙo mini, ya ce yatsun yara sun fi laushi. In ya yi jifa ba ya bin dalma da ido, kai yake karkatawa yana saurare, da ya ji ta taɓa ruwa sai yatsa ya sauka. Na ɗauka gwaninta ce. Wayar ma, in ana tsere, ta fi kusa da kunnensa fiye da idonsa. Wata Juma'a wani mutum ya zo ya tsaya dab da shi ta dama yana kallon ruwa, kusa har inuwarsu ta haɗu. Baba Ila ya ɗaga sanda ya kaɗa ta baya zai jefa. Ƙugiyar ta wuce ta gefen kunnen mutumin, ta fizge masa hula. Mutumin ya yi ta masifa da yarensu, Baba Ila yana ba da haƙuri, amma ni fuskar Baba na kalla. Ba kunya na gani ba, tsoro na gani. Bai san da mutum a wurin ba sam.

Na bari sai da Sani ya tafi ɗauko mota.

"Baba, idonka."

"Mi ya samu idona?"

"Baba, don Allah."

Ya daɗe yana naɗe zare, ko da yake ba abin da ya rage a waje. Sannan ya ce, "Kamar ina leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabana ina gani sarai. Gefe ne ya tahi, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake."

Na ce mu je asibiti. Ya ce in likita ya rubuta, kamfani zai gani, in kamfani ya gani an gama. Yana da iyali a Madarumfa, da marayun ƙanensa, duk a wuyansa. Ya ce in ba shi zuwa babbar salla, zai sauka da kansa, da mutuncinsa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ka rufa mini asiri, ɗana, Allah ya rufa naka. Kai ne dama ke zaune a damata."

Wannan mutumin ne ya dama mini kunu. Na ce to.

Daga ranar na zama idonsa na dama. Muka ƙirƙiro yarenmu a cikin mota. In na ce "akwai baƙo", mota ce ke shigowa ta gefe. In na buga gwiwata sau ɗaya, ya rage gudu. In za mu sauya layi sai na ce "bismilla" sannan ya karya kan mota. Na roƙe shi ya riƙa ba ni tuƙin in mun bar sito, ya ƙi, ya ce motar da sunansa take, in aka tare mu duka biyu za mu kwana a ciki. Gaskiyarsa ce, amma na san ba ita kaɗai ba ce. In na sauko da yamma wuyana ya ƙage don waige, kaina yana sarawa. Sau da yawa mun goge gefen mota a bakin ƙofar shago ko jikin turaku, mu shafe wurin da tsumma mu yi shiru.

Babbar salla ta zo ta wuce. Da na tuna masa, ya ce, "Bari zahi ya sauka." Zafi ya sauka, ya ce bari a ɗaura auren 'yarsa. Ni kuma kullum in na yi niyyar matsa masa, sai in tuna cewa in ya sauka ni ne mai lasisi a kusa, sai bakina ya yi nauyi. Ina tsoron ya zaci kujerarsa nake so. Ina kuma tsoron kada ya zama, a can ƙasan raina, ina son ta.

Abin ya faru a Birnin Masana'antu na Biyu, bayan la'asar, mun ɗauko lodi muna fitowa. Wayata ta yi ƙara, na ga innata ce. Ba ta cika kira a wannan lokaci ba, don haka na ɗauka. Ta ce mahaifina ya faɗi a bakin ruwa yana jan jirgi, an kawo shi gida, amma ya farfaɗo har ya sha fura. Na sunkuyar da kai ina toshe ɗayan kunnen don in ji ta sosai. Ban fi ƙiftawar ido da sunkuyawa ba na ji wani ƙum a gefena, madubi ya karyo ya bugi gilashi.

Mai shara ne, ɗan Bangaladash, sanye da rigar aiki mai ruwan lemo wadda ake hangowa daga nesa. Yana tura kurarsa a gefen titi muka kwashe shi da madubi da kusurwar bodi. Na diro na same shi zaune a ƙasa, hannunsa na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Siriri ne, ba zai wuce sa'ana ba. Bai yi kuka ba. Yana ta ƙoƙarin tattara tsintsiyarsa da ɗayan hannun, yana ce mana, "Mafi mushkila, mafi mushkila," wai ba komai, don shi ma tsoron abin da zai sami aikinsa yake.

Baba Ila ya zagayo ya durƙusa, yana lalubar kafaɗar mutumin. Ya ce da ni a hankali, "Ba ka ce akwai baƙo ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

'Yan sandan hanya suka zo, motar asibiti ta ɗauki mutumin, aka rubuta abin a matsayin haɗari irin na kullum. Inshora za ta ji da sauran. Da a nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai sani.

Washegari mudir ya kira ni ofis ni kaɗai, ya rufe ƙofa. Ya ce ya zagaya motar da kansa, ya ga gefen dama duk ƙuje-ƙuje ne, na hagu kuwa ko ɗigo babu. Ya ce Ila ya yi shekaru bai taɓa ko kaza ba.

"Ya Habibu, kai kake zama kusa da shi. Waya yake dannawa? Barci yake yi? Ko wani abu yake sha? Ka gaya mini tsakaninka da Allah, don gobe zan sake ba shi makulli."

Ta tagar ofis ina hango Baba Ila zaune a kan katan a inuwar sito, hularsa a gwiwa. Zan iya cewa rana ce ta haske shi. Zan iya cewa laifina ne, ni na ɗauke masa hankali da waya, kuma ba ƙarya na yi ba. Mudir mutumin kirki ne, zai karɓa. Amma kalmar "gobe" ta tsaya mini a wuya. Hanyarmu ta gobe za ta bi ta gaban wata makarantar firamare daidai lokacin tashi.

Na ce, "Ba ya sha, ba ya barci. Idonsa ne. Ba ya ganin gefe."

"Tun yaushe ka sani?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dafe goshi. Sannan ya ce in fita in turo masa Ila.

Na fito na tsaya a gabansa. Ya ɗago ya saita ni a tsakiyar ɗan abin da ya rage masa na gani, ya dube ni sosai, ya sa hularsa ya miƙe.

Kamfani ya kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yanar da ake kankarewa ba. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a ba shi magani a tsare ragowar. Ya ce da an zo da wuri da an ceci da yawa. Wannan maganar Sani ne ya kawo mini ita, kuma ya faɗe ta yana kallon bango. Watannin da na yi ina buga gwiwa ina cewa "akwai baƙo", ashe idon ƙara mutuwa yake.

Mudir ya nemi a bar shi a matsayin mai gadi, masu kamfani suka ƙi. Aka buga masa bizar fita daga ƙasar ta dindindin. Motar kuma aka ce ni zan karɓa.

Ɗakinmu ya zama mini kurkuku. Ba wanda ya zage ni. In na shigo hira ta mutu, in an zuba shayi a tsallake kofina. Na ji wani yana cewa a tsakar gida, "Ka ɗauko ɗan Najeriya daga ƙasa, ka ga inda zai ajiye ka." Baba Ila kansa bai daina amsa gaisuwata ba, amma daga "lahiya lau" ba ƙari. Juma'a ta zo, na farka tun kafin kiran salla na kwanta ina jira a taɓa ƙafata. Ba a taɓa ba.

Na je na duba mai sharar a masaukinsu, na kai masa lemo da madara. Shafik sunansa. An sa masa ƙarfe a hannu. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata biyu a waya, ya tilasta mini shan shayi, yana ta tambaya ko tsohon direban lafiya, kada a kore shi saboda shi. Na ce lafiya lau yake. Na fito na zauna a bakin titi har shayin ya daina yi mini ɗaci a baki.

Ranar tafiyarsa Sani ya ce shi zai raka shi filin jirgi. Baba Ila yana ɗaure jakarsa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A'a. Ɗan Yawuri zai kai ni. Shi ya san yadda nake gani."

Muka ɗauki tasi da hantsi. Tun daga Sulai har muka ratsa gari fuskarsa tana gaba. A filin jirgi na riƙe masa jaka, ina gaya masa inda matakala take da inda amalanken kaya ke tahowa. Na auna masa kaya, na karɓo masa takardar shiga jirgi. A layin na ji wani dattijo yana waya da Hausa, ɗan Tawa ne, jirginsu ɗaya har Yamai. Na ja shi gefe na yi masa bayani, na roƙe shi ya kula da shi a inda za su sauya jirgi. Ya ce ba komai, ai ɗan'uwa ne.

A bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce, na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, mutane na kallo."

Na ƙi tashi. Ya yi ajiyar zuciya.

"Wanne zan yahe maka? Shirun da ka yi, ni na roƙe ka. Maganar da ka yi, da ni ne a ofishin da ƙarya zan yi, in koma in kashe ɗan wani. Na san wannan. Kaina ya sani." Ya dafa ƙirjinsa. "Nan ne bai sani ba tukuna. Na yahe maka don Allah, amma kada ka kira ni yanzu. In na huce ni zan neme ka."

Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce Allah ya tsare hanya, ya ba mahaifina lafiya. Ashe ya ji abin da inna ta faɗa a waya ranar, duk da abin da ya biyo baya. Sannan ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan Tawa suka shiga. Na tsaya ina kallon farar hularsa har ta ɓace a cikin mutane. Bai waigo ba, kuma ko ya waigo ba zai same ni ba.

Har yau bai kira ba. Sani yakan ji labarinsa, ya ce yana nan, ganin bai ƙara lalacewa sosai ba, an ɗaura auren 'yar. Ni kuma ban karya maganarsa ba. Nakan duba wayata fiye da yadda ya kamata.

Washegarin tafiyarsa mudir ya miƙo mini makulli. Na buɗe ƙofar direba, wadda ban taɓa shiga ta cikinta ba, na hau. Gwiwoyina suka bugi sitiyari, ƙirjina ya kusa taɓa shi. Ashe Baba Ila ya jawo kujerar gaba har iyakarta, ya miƙar da bayanta tsaye, don fuskarsa ta matso kusa da gilashi. Duk watannin nan ina zaune a gefensa ina gadin titi, ban taɓa lura da yadda yake zama ba. Na daɗe a haka a takure, hannuna a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera. Sabon leburan da aka haɗa ni da shi ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce lodi ya kammala, ana jiranmu a bakin ƙofa.

Na ja ƙarfen, na tura kujerar baya, na tayar da mota.